Bakin mahaifinmu ya ɗauru bayan jalɗa: wace na'ura za mu saya masa, kuma ina ake samunta a Makka?

Wata baiwar Allah daga unguwar Hindawiyya a Makka ta rubuto cewa mahaifinta tela ne mai shekara 67, wanda ya zo ƙasar nan daga Kano tun yana saurayi, kuma har yanzu yana zaune da igama, wato takardar izinin zama ta baƙo. Wata uku da suka wuce ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, abin da muke kira jalɗa a nan. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun yi rauni, bakinsa kuma ba ya fitar da komai sai "to, to", amma idan liman ya tayar da salla a masallacin unguwa sai a ji shi yana bin Fatiha. 'Yan'uwa sun yi karo-karo domin a saya masa na'urar da ke magana a madadin mutum. Tana tambaya wace iri za su saya, ina ake samunta, kuma shin amfani da ita ba zai sa bakinsa ya ƙi buɗewa ba?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Aikina shi ne gyaran magana da haɗiya, sashen da ake kira takhaɗub a asibitocin ƙasar nan, kuma yawancin marasa lafiyar da nake gani manya ne da jalɗa ta taɓa. Shawarata ta farko ita ce ku riƙe kuɗin nan da aka tara, kada ku kashe ko riyal ɗaya a kan na'ura sai an gwada Baba an gane irin ɗaurewar da ta samu maganarsa. Ba rowa nake koya muku ba. Dalilin shi ne rashin magana iri-iri ne, kuma abin da ke buɗe wa wani ƙofa shi ne yake zame wa wani kaya. Amma jiran gwaji ba ya nufin ku naɗe hannu, domin akwai aikin da ya kamata ku fara yau a gida, kuma a ganina shi ne ya fi kowace na'ura muhimmanci.

Bayan jalɗa akwai matsaloli biyu da mutane ke haɗawa alhali sun bambanta ƙwarai. Ta farko ita ce nauyin baki: leɓe da harshe da maƙogwaro sun yi rauni, magana tana fita a cakuɗe ko ba ta fita sam, amma kalmomin suna nan daram a cikin kan mutum. Idan ka miƙa masa biro da takarda zai rubuta maka abin da yake so daidai. Ta biyu ita ce wadda likitoci ke kira afeziya, Larabawa kuma su ce habsa. A nan ba tsokar baki ce ta samu matsala ba, rumbun kalmomin ne kansa ya taɓu, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye harshe, wanda a wurin yawancin mutane yake a ɓangaren hagu. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, idan na ji an ce hannun dama ya shanye kuma magana ta tafi, afeziya nake fara zato. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda jalɗa ta kama suna samun ta. Bayanin da kika yi na "to, to" ma ya tuna mini da mara lafiyar da likitan Faransa Paul Broca ya yi bayaninsa a 1861, wanda ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane yawancin abin da ake faɗa masa. Daga wannan mutumin ne aka fara gane cewa magana tana da mazauni na musamman a ƙwaƙwalwa.

Ga inda bambancin yake shafar kuɗinku. Mai nauyin baki, allon haruffa ko wayar da zai rubuta ta karanta da murya ya wadatar da shi. Mai afeziya kuwa sau da yawa karatu da rubutu ma sun taɓu tare da maganar, domin duk daga rumbu ɗaya suke fitowa. Na taɓa ganin wani dattijo da 'ya'yansa suka sayo masa iPad sabo, suka zuba masa manhaja mai shafuka fiye da yadda zan iya ƙirgawa, suka ɗora masa a cinya suna jiran ya fara ba su labari. Ya dubi fuskar allon, ya ɗora yatsa, hotuna suka juye zuwa wani shafi, ya sake taɓawa wata murya ta yi magana da Larabcin da bai saba da shi ba, sai ya ture abin gefe ya juya fuskarsa bango. Daga ranar ko littafin hotuna aka kawo masa sai ya rufe ido, kuma sai da muka yi makonni kafin ya yarda ya sake gwada wani abu. 'Ya'yan nan ba su yi laifi ba, ƙauna ce ta sa su, amma sun ba shi abin da ya nuna masa gazawarsa a gaban iyalinsa, kuma dattijo ba ya manta irin wannan da wuri.

Bin Fatiha da Baba yake yi alama ce mai daɗi, sai dai ina so ki fahimce ta yadda take. Abin da mutum ya haddace ya maimaita tun yana yaro, kamar Fatiha, da ƙirga ɗaya zuwa goma, da amsa sallama, yana fitowa ne ta wata hanya dabam da wadda ake bi a ƙirƙiri sabuwar jimla. Shi ya sa za ki ji ya kai "waladdallin" ba tare da tuntuɓe ba, amma ya kasa cewa "ruwa" lokacin da ƙishirwa ta dame shi. Kada kowa a gidan ya ce ai yana iyawa, ƙi yake yi. Wannan magana zalunci ce, kuma yana jin ta. Amfanin alamar shi ne ta nuna cewa bakin yana iya furuci idan an samu hanya, kuma muna amfani da ita wajen aiki. Tun 1973 masana a birnin Boston na Amurka suka fito da hanyar koyar da gajerun jimloli ta rerawa tare da bubbuga hannun hagu daidai da kowace gaɓar kalma, kuma ga mutumin da ya tashi a makarantar allo, wanda kunnensa ya saba da tilawa, wannan hanya ba baƙuwa ba ce.

Yanzu batun inda za ku je. A ƙasar nan ba a cika samun wani ofishi guda da aka keɓe domin raba na'urorin magana ba. Hanyar tana bi ne ta hannun mai gyaran magana, shi ne zai gwada, ya ba da shawarar abin da ya dace, ya rubuta takrir, wato rahoton asibiti. Ana samun asibitin takhaɗub a manyan asibitoci, yawanci a ƙarƙashin sashen ta'ahil, wato sashen farfaɗo da jiki inda ake gashi, ko kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Mataki mafi sauƙi shi ne ku koma wurin likitan ƙwaƙwalwa da ya duba Baba lokacin da aka kwantar da shi, ku nemi tahwil, wato takardar tura mara lafiya wani sashe, zuwa takhaɗub da sunansa, domin sau da yawa akan rubuta wa mara lafiya gashi kawai a manta da magana. Manyan asibitocin gwamnati na Makka, irin su Asibitin Nur da Madinatul Malik Abdullah, ana shiga sassansu na ƙwararru ne da tahwil. Lambar Ma'aikatar Lafiya ta 937 tana amsa tambayoyi dare da rana, kuma ta manhajar Sehhaty ake kama mau'idi, wato ranar ganin likita, a cibiyoyin lafiya na unguwa. A Jidda, wadda tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, akwai Cibiyar Jidda ta Magana da Ji, wadda aka fi sani da JISH, da aka kafa a 1993, akwai kuma Asibitin Abdullatif Jamil da ya keɓanta da aikin ta'ahil. A Riyad akwai Madinatu Sultan bin Abdul'aziz ta ayyukan jinƙai, babbar cibiyar ta'ahil ce da aka buɗe a 2002, sai dai ban ga dalilin ɗaukar Baba zuwa can a wannan matakin ba. Duk inda kuka je, musamman a asibitoci masu zaman kansu, ki tabbatar wanda zai gan shi yana da rajista da Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, sannan ki yi masa tambaya ɗaya kai tsaye: shin yana aiki da manya masu habsa? Da yawa daga cikin abokan aikinmu yara suka fi gani, kuma kayan koyar da yaro ɗan shekara huɗu ba su dace da dattijo mai jikoki ba.

Batun igama kuma ba zan ɓoye miki ba. Magani kyauta a asibitocin gwamnati haƙƙin ɗan ƙasa ne, kuma tallafin kayan taimako da Ma'aikatar Albarkatun Jama'a da Ci gaban Al'umma ke bayarwa, irin su keken guragu da gadon jinya da abin ƙara ji, an tsara shi ne musamman domin 'yan ƙasa. Wanda ke zaune da igama hanyarsa ita ce inshorar lafiya. Ki kira kamfanin inshorar Baba ki tambayi zama nawa na takhaɗub suke biya, kuma ki nemi asibitin ya tura takardar neman muwafaka, wato amincewar kamfanin, tare da takrir da ya ambaci jalɗa a matsayin sanadi. Idan inshorar ta gaza, ki shiga ofishin khidma ijtima'iyya, wato na jin daɗin jama'a, na asibitin da ya yi jinya, domin ma'aikatan wannan ofishi su ne suka san ƙungiyoyin agaji da ke tallafa wa marasa ƙarfi, irin su Jam'iyyar Zamzam ta ayyukan lafiya da ke aiki a yankin Makka, kuma sun san sharuɗɗan kowacce. Mutanenmu suna jin nauyin ƙwanƙwasa wannan ƙofa, alhali domin irin wannan aka buɗe ta.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa, wanda nake so ki ba shi muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa a kan asibitoci, shi ne harshen da za a gwada Baba da shi. Gwaje-gwajen da ake da su a nan da Larabci suke, wasu ma an juyo su ne daga Turanci. Mutumin da ya yi shekara arba'in ko hamsin a Makka yana iya jin Larabcin kasuwa da na masallaci sarai, amma harshen da yake tunani da shi, yake faɗa da shi, yake wasa da jikokinsa da shi, Hausa ne. Wata rana aka kira ni in ga wata tsohuwa da aka rubuta a takardarta cewa ba ta fahimtar komai. Na tarar da ita a zaune an jingina ta da matashi, idonta a ƙasa, 'yarta tana tsaye a gefe tana share hawaye. Na durƙusa kusa da gadon na ce, "Inna, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?" Sai ta ɗago kai da sauri ta kafe ni da ido. Na ce ta nuna mini ƙofa, ta nuna. Na ce ta taɓa kunnenta, ta taɓa. Na ɗora kofi da cokali da carbi a kan bargo na ce ta ba ni carbin, ta miƙo mini shi. Abin da aka rubuta a kanta ba ƙarya aka yi da gangan ba, an dai tambaye ta ne da harshen da jalɗar ta fi raunanawa. Tun 1895 likitan Faransa Albert Pitres ya lura cewa masu harshe fiye da ɗaya ba lallai ne harsunansu su dawo daidai da juna ba. A wurin mutane da yawa suna dawowa tare, a wurin wasu kuma ɗaya yakan riga ɗaya. Saboda haka ki nemi a gwada Baba da harsunan biyu. Idan babu mai jin Hausa a sashen, ke ki zama tafinta, da sharaɗi guda: ki faɗi abin da aka ce ki faɗa kawai, kada ki ƙara bayani, kada ki nuna da ido ko da hannu, kada kuma ki gyara amsarsa. Na san zuciyar ɗiya ba ta son ganin mahaifinta ya kasa a gaban baƙo, amma idan kika rufa masa asiri a wurin gwaji, za a tsara masa aikin da ya fi ƙarfinsa.

Aikin gida yana farawa ne da "i" da "a'a". Masu afeziya sukan ce "i" alhali "a'a" suke nufi, kuma "to" ɗin Baba ba yarda ba ce a kowane lokaci. Ki samu kati biyu manya, ɗaya kore da alamar daidai, ɗaya ja da alamar kuskure, ko kuma ku tsayar da ɗaga babban yatsa sama da juya shi ƙasa. Ki gwada shi da tambayoyin da kin riga kin san amsarsu: "Baba, a Makka muke?", "Baba, a Kano muke?", "Yanzu dare ne?", "Ni ce 'yarka?" Ki yi haka sau da yawa a ranaku dabam-dabam, da safe lokacin da bai gaji ba. Idan yana dacewa a mafi yawan tambayoyin, kun samu ginshiƙin da za a ɗora komai a kansa. Kowa a gidan ya bi hanya guda. Idan ke kina amfani da kati, Hajiya tana jiran gyaɗa kai, ƙanenki kuma yana cewa ya matse masa hannu, rikita shi za ku yi.

Daga nan sai littafin magana, kuma a nan ne nake so ku zuba ƙoƙarinku. Ki sayi ƙaramin albam na hotuna mai aljihunan leda, wanda za a iya buɗewa da hannu ɗaya. Kada ki ciro zane-zane daga intanet tukuna. Ki ɗauki hotunan ainihin kayan Baba da wayarki ki wanko su. Kofinsa na shayi, butarsa ta alwala, dardumarsa, ƙofar banɗakin gidanku, kwanon tuwonsa, kwalin maganinsa, na'urar sanyaya ɗaki, rediyonsa. Hoton abin da ya sani ya fi zane saukin ganewa ga ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. A shafin farko ki fara da hoto huɗu kacal, manya, kowanne da sunansa a ƙasa da rubutun da Baba ya fi sabawa da shi. Idan ajami ya fi karantawa, a rubuta da ajami, kada a tilasta masa boko. Ki ware shafi na zanen jikin mutum gaba da baya domin ya nuna inda ke masa ciwo, da shafi na mutanen gida kowa da hotonsa, har da waɗanda ke Najeriya da yake yawan tambaya.

Amma kada littafin ya tsaya a kan ci da sha da banɗaki. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma yana mayar da mai gida tamkar jariri. Baba tela ne. Ki ɗauki hoton kekensa na ɗinki, da almakashinsa, da ƙofar shagon, da abokan zamansa na bayan la'asar. Ki sa taswirar Najeriya da ta Saudiyya domin ya nuna gari, da kalandar wata, da hotunan takardun kuɗi na riyal 5, 10, 50, 100 da 500, domin mutumin da ya saba ba da cefane yana so ya ci gaba da cewa a ba wane kaza. Ki sa alamar da ke nufin "ba haka nake nufi ba", da wadda ke nufin "abin ba ya cikin littafin nan", da wadda ke nufin "ku bar ni in huta". Na ga dattijon da bai damu da shafin abinci ba ko kaɗan, amma da aka nuna masa hoton gonarsa ta gida ya riƙe shafin kusan rabin awa, yana nuna iyaka, yana nuna ɗansa, har muka gane cewa tun da ya kwanta abin da ke cin ransa shi ne wanda zai kula da ita.

Kafin ki yanke cewa ya kasa amfani da littafin, ki duba abubuwa uku. A sa masa tabaransa, da abin ƙara ji idan yana da shi. Jalɗar da ta taɓa hagun ƙwaƙwalwa takan ɗauke gefen dama na gani a idanun biyu, don haka idan kin lura yana tsallake hotunan dama, ki matsar da littafin zuwa hagunsa ki kuma gaya wa likita. Na uku shi ne hannun hagu. An tarbiyyantar da mu cewa nuni da miƙa abu da hagu rashin ladabi ne, kuma na ga dattawa suna ƙin ɗaga shi saboda kunya. Ki samu wanda yake girmamawa, limamin unguwa ko amininsa, ya gaya masa a gaban kowa cewa lalura ce kuma babu laifi.

Yadda ake zama da shi ma wani ɓangare ne na kayan aikin. Idan 'yan dubiya sun cika ɗaki, kowa yana magana, talabijin yana kunne, ko mai fahimta sosai zai ɓace. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, yana fuskantarsa, da gajerun jimloli da murya irin ta kullum, domin ba kurma ba ne. Bayan tambaya a yi shiru a ƙirga har goma a zuci kafin a sake cewa komai. A ajiye takarda da biro mai kauri, mai magana yana rubuta kalmar da ta fi muhimmanci, ko ya rubuta zaɓi biyu Baba ya nuna ɗaya. Ku ma ku riƙa nuna hotunan yayin da kuke magana da shi. Idan kin kawo shayi ki taɓa hoton shayi ki ce "shayi", domin idan shi kaɗai ake sa wa littafin a gaba zai ɗauke shi jarrabawa. Kuma kada a yi maganarsa a kansa kamar ba ya nan. Hankalinsa yana nan, kuma duk abin da ya shafi dukiyarsa, ko shagonsa, ko auren 'ya'yansa, a zauna a tambaye shi ta hanyar da zai iya amsawa. Idan kin ga ya daina cin abinci, yana yawan kuka ko ya ƙi kowa, ki gaya wa likita, domin ciwon damuwa yana yawan biyo bayan jalɗa kuma yana da magani.

Idan littafin ya zauna, kuma gwaji ya nuna zai iya, sai a matsa zuwa waya ko allon hannu, kuma yawanci wanda ke gidan ya isa. Manhajojin magana suna aiki ne da akwatuna: a taɓa hoto, murya ta faɗi kalmar. Akwai na kyauta irin su Cboard, akwai tarin zane-zane na kyauta na ARASAAC daga yankin Aragon na Sifen, akwai kuma na Tawasol da aka zana a Katar domin su dace da sutura da abinci da ibadar mutanen wannan yanki. Muryoyin da ke zuwa a cikin irin waɗannan manhajoji na Larabci ne da Turanci da makamantansu, saboda haka abin da za ki nema shi ne manhajar da ke ba da damar sa hoton kanku da naɗar muryar mutum. Ki samu namiji babba a dangi, ƙanensa ko babban ɗansa, ya naɗi jimlolin da Hausar Baba, yadda shi yake faɗarsu: "A kawo mini ruwa", "Lokacin salla ya yi?", "Kira mini Hajiya", "Allah ya yi muku albarka." Kada a naɗa da muryar yaro ko ta mace, domin murya ce da za ta tsaya a madadin tasa a gaban baƙi. Kafin a biya kuɗin kowace manhaja, ki nemi mai gyaran maganar ya gwada ta da shi a zama biyu ko uku.

Na'urori masu tsada da wataƙila 'yan'uwa suka gani a bidiyo, irin na kamfanin Tobii Dynavox da ake sarrafawa da kallon ido, an yi su ne domin wanda jikinsa duka ya shanye amma harshen da ke kansa yana nan lafiya. Ƙaramar na'urar da ake dannawa a wuya kuma ta wanda aka cire wa maƙogwaro ce saboda ciwon daji. Babu ɗaya daga cikinsu da ta dace da abin da kika bayyana.

Game da tsoronki cewa littafi ko na'ura za su hana bakinsa buɗewa, ki kwantar da hankalinki. Binciken da aka yi a wannan fanni bai nuna cewa kayan taimakon magana suna danne magana ba, kuma abin da nake gani a wurin aiki shi ne sau da yawa kalmar takan kuɓuto ne a daidai lokacin da yatsa ya sauka a kan hoton kuma kunne ya ji sunansa. Babu wanda zai zaɓi buɗe albam idan bakinsa zai iya faɗa. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, shi ya sa ba na so ku ɓata wannan lokaci, amma yana ci gaba har bayan shekara ga wanda ake aiki da shi. Ba zan yi miki alƙawarin cewa maganarsa za ta dawo yadda take ba, domin wannan ya danganta da girman wurin da ya taɓu, kuma likitan da ya ga hoton ƙwaƙwalwarsa shi zai fi ni bayani.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma wajibi ne in ambata, saboda sashenmu ne ke duba shi. Jalɗa takan raunana haɗiya. Idan Baba yana tari ko yana ƙwarewa lokacin shan ruwa, ko muryarsa tana yin kamar da ruwa a ciki bayan ya sha, ko zazzaɓi yana yawan kama shi, ki faɗa a zaman farko, domin ruwan da ke zamewa zuwa huhu yana jawo ciwon huhu mai haɗari. Addu'a da tofi ku ci gaba da su, addu'ar Annabi Musa ma ta neman a warware ƙullin harshe tana cikin Suratu Ɗaha, amma Zamzam da rubutu ruwa ne kamar kowane ruwa a wurin maƙogwaro. A ba shi yana zaune a miƙe, kaɗan-kaɗan, kuma idan an ce a kaurara masa abin sha, su ma a kaurara su.

Ki kuma yi masa kati ɗaya da za a rufe da leda ya rataya a wuya ko ya sa a aljihun gaba duk lokacin da za a fita da shi, musamman zuwa Harami inda cunkoso ke raba mutum da nasa cikin ƙiftawar ido. A rubuta da Larabci da Hausa cewa yana da wahalar magana saboda jalɗa, yana ji kuma yana da hankalinsa, a yi masa tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a", sannan a sa lambar mutum biyu na gida da sunayen magungunansa. Kuɗin da 'yan'uwa suka tara kuma, ni da za a bi shawarata, a kashe su a kan zaman takhaɗub a kai a kai da kuɗin motar kai shi, a ware kaɗan na wanke hotuna. Ranar mau'idin farko ki tafi da takrir na sallama daga asibiti, da sakamakon hoton ƙwaƙwalwa, da tabaransa, da albam ɗin ko da shafi biyu kawai kika cika, da ɗan bidiyon da kika ɗauka yana bin Fatiha da wani yana ƙoƙarin neman abu a gida, domin abin da yake yi a ɗakinsa ba lallai ne ya yi shi a gaban baƙo ba.